Tayar Bazara da Sanyin Hunturu: Tambayoyin da Direbobin Damagaram Ke Kawo Mini

Na daɗe ina sayar da taya a nan Damagaram, sabuwa da ta gwanjo, kafin nan kuma na yi yaron mota a hanyar Agadas. Bana tun da iskar hunturu ta kaɗo, hirar bakin shagona ta koma kan abu guda. Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a WhatsApp, an nuno mota a ƙasar Turai tana juyi bisa titi kamar faifai, aka ce wai tayar bazara ce ta sandare don sanyi. Sai masu motocin Kwatano suka fara durƙusawa gindin tayoyinsu suna karanta rubutun da ba su taɓa kulawa da shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, ashe taya ma tana da lokacinta? Mece ce tayar bazara?

Tana da shi, a ƙasashen da sanyinsu ke daskarar da ruwa. Can iri uku ake sayarwa: ta bazara, ta hunturu, da wadda aka yi don ta ɗauki shekara duka ba a cire ta ba. Bambancin yana cikin haɗin robar da kuma zanen da ke fuskar tayar. Ta bazara an haɗa robarta don ta jure zafi, zanenta manyan fale-fale ne da ƴan layuka masu fitar da ruwa. A cikin dangin nan akwai ta gudu, wadda ake ɗaura wa motoci masu ƙarfin inji: faffaɗa, gefenta gajere, irin su Michelin Pilot Sport, Pirelli P Zero, Continental SportContact ko Bridgestone Potenza. Ita ce samari ke so don tana cika ido, ita ce kuma sanyi ya fi taɓawa.

Me sanyi ke yi wa robar takamaimai?

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a garka ya san amsar. Ɗauki tiyo da asubar Janairu ka ce za ka naɗe shi: gardama zai yi maka, ya ƙi lanƙwasuwa. Koma masa da azahar, ya sha rana, ka tarar ya yi laƙwas kamar igiya. Tiyon bai sauya ba, zafin jikinsa ne ya sauya. Haka man kaɗe yake daskarewa a kwalba cikin hunturu.

To taya da laushin nan take cin abinci. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun babba ba, kuma a wannan ɗan filin ne birki da kwana da tashi duk suke faruwa. Kwalta a ido sumul take, amma shafa ta da hannu ka ji: tsakuwa ce ƙanana, tudu da kwari. Roba mai laushi tana nutsewa cikin waɗannan ramuka, ta rungumi kan tsakuwar, ba ta kuma saurin sakinta. Wannan jinkirin saki shi ne rabin riƙon. Sauran rabin mannewa ce, yadda fuskar robar ke ɗan liƙe wa busasshiyar hanya. In sanyi ya taurara robar, sai ta daina nutsewa, ta riƙa bi ta saman tsakuwar kawai. Zanen yana nan, tayar sabuwa ce fil, amma riƙon ya ragu.

Kowane haɗin roba yana da matakin sanyin da in ya kai shi yakan tashi daga halin danƙo ya koma halin gilashi. Masu ƙera tayar gudu da gangan suke ɗaga wannan matakin sama, don tayar ta fi damƙar hanya idan ta ɗau zafi. Abin da ta ci a zafi, shi take biya a sanyi. Tayar hunturu kuwa akasin haka aka yi mata: an yawaita robar itace da wani garin yashi da ake kira silika, don ta zauna da laushinta ko ruwa ya zama dutse.

Daga digiri nawa abin ke farawa?

Adadin da kamfanonin taya suka fi ambata shi ne digiri 7. Amma kada a ɗauke shi kamar katanga, a ce a 8 lafiya lau, a 6 sai mutuwa. A hankali riƙon ke raguwa. In hanya a bushe take, tayar bazara tana iya tsayar da mota yadda ya kamata ko da sanyi ya ɗan sauko ƙasa da haka. Inda asirinta ke tonuwa shi ne sanyi haɗe da jiƙa, sannan dusar ƙanƙara. Bisa dusar ƙanƙara nisan da take buƙata kafin ta tsaya yakan ninka na tayar hunturu, wani lokaci fiye.

Akwai kuma mataki na gaba, wanda ba zamewa kaɗai ba, lalacewa ce. Kamfanin General Motors ya gargaɗi masu motocinsa na gudu da kada su tuƙa su da tayar bazara in sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri, don fuskar robar na iya tsattsagewa. Tsagar nan ba ta gyaruwa.

To sanyin Damagaram ya kai wannan?

Bai kai ba. Nan ne nake so masu tsoro su kwantar da hankali.

Na san yadda asubar Disamba take. Mai shayi ya naɗe kai da rawani, almajirai sun kewaye wutar kara, leɓe ya tsage, faso ya buɗe, ruwan alwala kamar ya yanke yatsa. Jikinmu ya saba da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, shi ya sa ɗari ke gigita mu. Amma ma'auni ba ruwansa da rawar ɗari. A Janairu, sanyin daren garin nan yawanci wajen digiri 15 yake tsayawa, daren da ya tsananta ya sauko kusa da 10, da rana kuma a koma kusan 30. Ga shi babu ruwan sama ko ɗigo a lokacin. Wato abubuwa biyun da ke kayar da tayar bazara, tsananin sanyi da jiƙa, ba sa haɗuwa a wurinmu. Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba yake zuwa, lokacin da hanya ke da ɗumi.

Ƙari a kan haka, taya tana ɗumama kanta. Tana birgima tana lanƙwasuwa, lanƙwasuwar na haifar da zafi. In ka tashi daga Birni da sassafe, kafin ka yi nisa a hanyar Mirya ta riga ta ɗau ɗumi. A ganina, a ƙasar nan tayar bazara tana gidanta ne wata goma sha biyu.

Amma Alhaji, ni da kaina na ji motar ta zame mini da asuba a kwana. In ba sanyi ba, mene ne?

Ban ƙaryata ka ba. Taya mai sanyi ba ta kai mai ɗumi riƙo ba ko a ina ne, don haka kilomitocin farko a bi su da lallami. Sai dai in za mu raba laifi, kaso mafi girma na ƙura ne da rairayi. Hazon hunturu gari ne mai laushi, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, ya kwana yana sauka bisa kwalta. Iskar kuma tana turo rairayi ya taru a gefen hanya da cikin kwana, musamman hanyar Tanut da ta Gure. Roba ba ta damƙar abin da ke mirginawa a ƙarƙashinta. Ka zuba gero a daɓe ka taka da sabon takalmi, ka gani ko sabuntarsa za ta cece ka. Faffaɗar tayar gudu ma ta fi shan wahala a nan, don zanenta ba na tona ƙasa ba ne.

Irin wannan santsin ne ke dawowa da ruwan farko, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da motoci suka ɗiga suka kwaɓe suka zama kamar miyar kuɓewa.

Sitiyari na rawa da safe, in na yi tafiya kaɗan sai ya daina. Aljanu ne ko taya?

Taya ce. Mota ta kwana a wuri guda, gindin da ya ɗauki nauyi ya baje, sanyin dare ya riƙe shi a haka. Tayoyin gudu sun fi yin wannan saboda zaren nailan da ke ƙarƙashin fuskarsu. Da ta yi ɗumi take komawa da'irarta. In rawar ta ƙi tafiya bayan doguwar tafiya, wannan wata magana ce: ko ƙafar na son a daidaita ta, ko ƙarfen ya lanƙwashe a rami, ko tayar ta yi ƙullutu.

Me ya sa iskar taya ke raguwa cikin hunturu ba tare da ƙusa ba?

Wannan kam aikin sanyi ne na gaskiya, kuma shi ne ya fi shafar mu. Iska tana takurewa in ta yi sanyi. Duk saukar digiri 10, taya na rasa kusan 0.1 na bar. Bar ɗin nan shi ne ma'aunin iskar da masu faci ke kira kilo. Tayar da aka cika da tsakar ranar Oktoba, in aka auna ta da asubar Janairu, za a ga ta sauka, ga kuma ɗan abin da kowace taya ke shaƙewa a wata ko ba huji. Motocin da ke da fitilar gargaɗin iska, wadda aka wajabta wa sabbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai kuma tun 2014, sukan kunna ta da safe ta mutu da hantsi. Ba lalacewa ta yi ba, gaskiya take faɗa.

A auna iska da safe kafin a yi tafiya. Adadin da ya dace yana jikin wata ƴar takarda a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai. Wanda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba. In ma'aunin mai facin na Najeriya ne, bar 2.2 shi ne kusan 32 a nasu lissafin.

Wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita: direba ya taso daga Maradi, ya tsaya Takeita, ya taɓa taya ya ji zafi, sai ya sa tsinke ya rage iska wai kada ta fashe. Kuskure ne babba. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasuwa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa. Haka wanda ya rage iska don ya ratsa rairayi, dole ya mayar da ita da ya hau kwalta.

Tunda ta hunturu ta fi riƙo, ba gara in saye ta in huta ba?

A'a. Wannan ita ce matsalarmu ta ainihi, kuma ba wanda ya yi mata bidiyo.

Tayoyin gwanjo da ke shigo mana daga Turai, da waɗanda ke zuwa ɗaure a motocin da aka sauke a Kwatano da Lome, da yawansu na hunturu ne. Dalili a fili yake. Bature yana cire tayar hunturunsa tun zanenta da saura, don ana ba su shawarar sauya ta in zurfin ya sauko milimita 4, alhali doka ta yarda da taya har zuwa milimita 1.6. Sai ta iso kasuwarmu da zane raɗau, mai saye ya sa yatsa ya ji zurfi, ya danna ya ji laushi, ya ce ya tsinci dami a kala.

Ni ma na taɓa faɗawa. Farkon shigata sana'ar na karɓi wani kaya a hannun wani dillali, na zaɓi huɗu mafi kyan gani na ɗaura wa motar yayana da ke jigila zuwa Magarya. Watan Afrilu ne. Ba a jima ba ya dawo ya tsaya ƙofar shago, bai ko kashe inji ba, ya ce, "Kai ƙanena, me ka ɗaura mini? Motar iyo take yi." Na durƙusa na duba. Gefunan zanen sun ɓarɓashe kamar an goga su a dutse, na shafa hannu, baƙin gari ya biyo tafina. A kwana, in ji shi, sai ya juya sitiyari motar ta yi shawara tukuna kafin ta bi. Kuɗin huɗun daga aljihuna suka fita, kuma har yau in muna gardama yakan tuna mini.

Abin da ya faru ba wuya a gane shi. Robar da aka haɗa don ta yi laushi cikin ƙanƙara, aka ɗora ta a kwaltar da rana ke gasawa har ta haura digiri 60, narkewa kawai ba ta yi ba. Ga ƴan tsage-tsagen nan sirara da suka cika fuskarta, masu cizon dusar ƙanƙara. A busasshiyar hanya su ne ke sa zanen ya yi ta lanƙwasa. Birki ya ƙara nisa, taya ta cinye da wuri, mai ya ƙara tafiya.

Yaya zan gane ta kafin in biya?

Juya gefenta ka nemi hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. In akwai, an gwada ta don hunturu. Sunanta ma kan tona ta: Winter, Alpin, Blizzak, Snow, Ice, Hakkapeliitta. Wannan na ƙarshen na kamfanin Nokian ne na ƙasar Finlan, wanda ya fara ƙera tayar hunturu a 1934. In ka ga ƙananan ramuka a jere bisa zanen, wurin ƙusoshin ƙanƙara ne da aka cire. Ajiye ta.

Haruffan M+S kaɗai ba sa nufin ta hunturu ce zalla. Suna jikin tayoyin shekara duka da na motocin daji da yawa, waɗannan kuwa suna aiki a nan ba laifi. Wasu na shekara duka ma suna ɗauke da hoton dutsen, don haka a haɗa da duba suna da yawan tsage-tsagen.

Tunda ka riga ka durƙusa, duba shekarunta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana taurara da tsufa ko ba a taka ta ba, rana irin tamu kuma tana gaggauta abin. Michelin na cewa a riƙa kai taya dubawa kowace shekara in ta kai shekara 5 tana aiki, a sauke ta in ta cika 10 ko da zanenta. Tsohuwar taya mai tsatsaguwar gefe, ita ce ke yin abin da kuke tsoron sanyi zai yi. Sannan harafin da ke bayan lambar nauyi, misali 91V: 91 na nufin kilo 615 kowace ƙafa, V kuma gudun kilomita 240 a awa. T 190 ne, H 210. Mai lodin buhunan wake da albasa ya fi buƙatar kula da lambar fiye da harafin.

Mu masu hanyar arewa fa, Agadas da Bilma?

Can sanyin ya fi na nan nesa ba kusa ba. A Bilma da duwatsun Abzin dare kan sauko kusa da sifiri cikin Janairu. Amma wa zai shiga Tenere da tayar gudu? Gefenta gajere ne, ba ta yarda a rage mata iska don rairayi, dutse ɗaya ya ishe ta. Motocin can tayar daji mai kauri suke ɗaurawa, kuma damuwarsu iska ce da lodi. Wanda zai tashi Agadas da asuba da ƙaramar mota, ya auna iska, ya bi sannu har rana ta ɗaga.

Ɗana yana karatu a waje, ya sayi mota. Me zan ce masa?

Hajiya, shi kam maganar bidiyon ta hau kansa. Ki ce masa kada ya yi wasa, don can doka ce ma a wurare da dama. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne a ɗaura tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Faransa, tun 2021, a yankunan duwatsu ana buƙatar tayar hunturu ko sarƙar taya a cikin mota daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Jamus ba ta sa rana ba, amma in hanya ta yi ƙanƙara aka kama ka da ta bazara, tara ce. Ko a nan Afirka, ɗaliban da ke Maroko da Aljeriya su sani dusar ƙanƙara na sauka a Ifran da Setif.

Ya kuma kiyayi gada da inuwar itatuwa da sassafe. Nan ne raɓa ke daskarewa ta zama ƙanƙarar da ido ba ya gani, hanyar ta yi kamar an ɗan jiƙa ta kawai. Ɗan Damagaram bai tashi da sanin wannan ba.

Motata tana ja da ƙafa huɗu, tana da ABS. Bai wadatar ba?

Jan ƙafa huɗu wajen tashi yake taimako. Wajen tsayawa kowace mota da ƙafa huɗu take birki. ABS kuma hana ƙafa kullewa yake yi don sitiyari ya ci gaba da aiki. Ba ya ƙirƙiro riƙon da robar ba ta da shi.

In zuba wa tayoyin ruwan zafi da safe, ko in kara musu garwashi?

Kada ka soma. Ruwan zai huce kafin ka fita daga lungu, wuta kuwa ƙona robar za ta yi. Masu tseren motoci na Formula 1 suna lulluɓe tayoyinsu da bargon lantarki, gaskiya ne, amma tasu robar daban ce, ba ta aiki sai ta yi zafi ƙwarai. Wani yaro ya ce mini yana karkaɗa sitiyari hagu da dama a kan titi don ya ɗumama taya kamar yadda ya gani a talabijin. Na ce masa amalanken shanu da zai haɗu da shi a hanyar Kasuwar Dole bai kalli wannan tashar ba.

Mu ƴan kabu-kabu fa, Baba?

Ku kun fi masu mota buƙatar haƙurin safiya. Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa ɗan mitsitsi ne, in ta zame kuma babu ta uku da za ta tare. Kada ka kwanta a kwana da tayar da ta kwana a waje, kada ka damƙe birkin gaba bisa rairayi. Yatsun da ɗari ya sandarar ma ba sa jin birki da kyau, ka samu safar hannu.

Kuɗin taya biyu kawai gare ni. Gaba zan sa su ko baya?

Baya, ko da motar da gaba take ja. Na san direbobi da yawa ba sa son jin haka, don gaba ce ke cinyewa da sauri. Amma in gaba ta zame, kana ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa daga mai motar ta dawo. In baya ta zame, gindin motar ne ke zagayowa, kuma kaɗan ne ke iya kamo shi. Biyun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya. Kada ka haɗa ta bazara a hagu da ta hunturu a dama don ka samu rangwame. In ka zo ɗaurawa, buɗe but mu auna safaya ita ma, don yawancin waɗanda nake cirowa sai in tarar ba iska a cikinsu.